Yadda Ake Tattara Tarihin Kaka Bayan Rasuwarta

Idan kaka ta rasu, labarinta yana nan a rarrabe na ɗan lokaci: kaɗan a bakin ƙanwarta, kaɗan wurin kishiyarta, kaɗan a cikin kwallar da ke ƙarƙashin gado, kaɗan kuma a kanka, kai jikan da ka kwana ɗakinta. Aikin da ke gabanka shi ne ka bi wuraren nan kafin su ma su watse. Ka sani tun farko cewa mazan zaure za su ba ka sunan mahaifinta da garin da aka ɗauko ta, daga nan sai hira ta koma kan kakanka namiji. Yawancin tarihin mace yana cikin gida, wurin matan da suka yi daka da wanka da biki tare da ita.

Fara da kanka

Kafin ka tambayi kowa, sayi littafin rubutu mai kauri ka zauna sau biyu ko uku ka zube duk abin da kake tunawa. Dalilin gaggawar shi ne, da zarar ka ji labarin goggo da na kawu, naka zai cakuɗe da nasu, har ka rantse ka ga abin da ji kawai ka yi. Yi rubutu a shafin dama, ka bar na hagu fili don gyara da ƙarin bayani. A gefen kowane labari ka sa alama ɗaya cikin uku: "na gani", "ita ta faɗa mini", ko "wani ya faɗa mini", tare da sunan wanda ya faɗa. Wannan alamar za ka riƙa sawa har ƙarshen aikin, a kan maganar kowa.

Kada ka raina ƙananan abubuwa. Sunan da take kiranka da shi, ko mijinta take ce maka ko kishiya idan ke mace ce, inda take ɗaure kuɗi a bakin zane, addu'ar da take yi idan an yi tsawa, abincin da ba ta ci. Irin waɗannan ne ke fara ɓacewa, kuma su ne babu wanda zai ba ka su sai kai.

A kwanakin zaman makoki ba a fito da waya a ce za a yi hira. Amma ka buɗe ido. Tsohuwar da ta shigo da sanda, ba ka san ta ba, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin marigayiya tana share hawaye da gefen mayafi, ita ce kake nema. Tambayi mahaifiyarka a hankali ko wace ce, daga wane gari, wa ya rako ta, ka karɓi lambar wanda ya rako ta. Dangin nesa sau ɗaya suke haɗuwa haka.

Kayan ɗakinta

Rabon gado yana warwatsa kaya cikin yini guda. Ba halal ba ne ka ɗauki ko da cokali kafin a raba, don haka abin da za ka nema wurin magada shi ne izinin ɗaukar hoto. Shimfiɗa farin zane a inuwa, ka ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya: kwalla da fanteka da kumbo, akushi, ƙorai, adudu ko akwatin ƙarfe, mazari da allin kaɗi, tandun kwalli, murjani, warwaro, carbi, tsofaffin zannuwa irin su saƙi da tsamiya. Ɗauki kowanne daga sama, sannan ka juya gindinsa, domin kwanukan da yawa suna da tambarin kamfani. Bayan rabo ka rubuta wanda kowane abu ya faɗa hannunsa.

Ka leƙa cikin kwallaye da ƙasan akwati. Nan ake samun fasfon aikin hajji, katin asibiti, katin zaɓe, tsofaffin kuɗi, wasiƙun ajami, da kaset ɗin da 'yan uwa na Makka ko Sudan ko Kumasi suke aiko da saƙon murya a ciki. Ka kuma nemi Alƙur'anin mahaifinta ko na mijinta idan yana nan cikin gafaka. Malaman da sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon ciki ko a wata 'yar takarda da suke sakawa tsakanin shafuka, da watan Musulunci da shekarar Hijira. Layi ɗaya irin wannan ya fi hira goma wajen tsayar da shekara. Wasiƙar ajami kuwa ka kai wa malamin allo ya karanta da ƙarfi kana naɗa, don rubutun hannu ya bambanta, kuma a wasu wasiƙun ba a sa wasali ba.

Hotuna suna da nasu ƙa'idar. Ɗauki gaba da baya, saboda hatimin mai hoto da sunan gari a baya suke. Kashe hasken kyamara, ka ɗauka a inuwa da rana, wayar tana daidai saman hoton ba a karkace ba. Hoton da ya manne da gilashi kada ka ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. Ɗauke shi yadda yake. Kada a kai tsohon hoto ko takarda a manne su da leda a inji, zafin yana ɓata su kuma ba a iya warwarewa. Sunayen mutanen da ke ciki a rubuta su a baya da fensir, don tawadar biro tana ratsowa. A ajiye a ambulan cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan wani abu nesa da bango saboda gara da danshin damina. Kaset kuwa a fara juya shi da biro a ga zaren bai manne ba, sannan a kunna sau ɗaya, waya tana naɗa tun daga farko, domin wani tsohon zaren ba ya jure kunnawa ta biyu.

Wa za a fara gani

Jera sunaye bisa tsufa da rashin lafiya, kusancin gida ya biyo baya. Wadda ta fi kowa tsufa ita ce ta farko ko da tana garin da sai an yi kwana a hanya. Galibi jerin yakan zama haka: yayyenta da ƙannenta, ƙawarta ta ƙuruciya, kishiyoyinta, matan 'yan uwan mijinta da suka zauna gida ɗaya, sannan 'ya'yanta mata, sannan maza. Ƙawa tana da muhimmanci na daban, domin ita ta san abin da aka ɓoye wa dangi, kuma babu kunya tsakaninta da marigayiya. Kishiya kuwa ta san zaman yau da gobe fiye da kowa; ka saurare ta da kyau, ka kuma tuna daga inda take kallo.

Akwai mutanen da ake mantawa. Yarinyar da ta yi mata talla, wadda yanzu ita ma ta yi jikoki, ta san nawa ake sayar da ƙwaryar fura ko ƙuli-ƙuli, da ribar da ake samu, da inda ake zuba adashi. 'Ya'yan riƙo sun san halinta ta fuskar da 'ya'yan cikinta ba su sani ba. Wanzamin gida, wanda shi ma gadon gidan ya yi daga ubansa, zai gaya maka sunan tsagar da ke fuskarta da mutanen da ke yin irinta, ko ta Gobirawa ce ko ta Barebari ko wata, kuma wannan kan buɗe asalin da aka daina faɗa. Idan gidan sarauta ne ko na malanta ko na wata sana'a, maroƙa da zabiyoyi suna riƙe da kirari mai ɗauke da sunayen kakanni. Kirari yabo ne, amma sunayen da ke cikinsa da jerinsu abin bi ne.

Zaman hira

Hantsi ya fi, bayan an karya kumallo zuwa kafin azahar. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa. Tsoho yana gajiya, kuma idan ya gaji sai ya fara amsa maka da abin da zai sallame ka. Zama uku gajeru sun fi zama ɗaya na yini, kuma a zama na biyu ne abin kirki ke fitowa, bayan ta kwana tana tunani. Riƙe goro ko sabulu ko turare kamar yadda ake zuwa gaida manya. Kada ya zama ciniki, don labarin da aka saya yakan yi tsawo fiye da gaskiyarsa. Jika mace ta fi samun shiga. Namiji ya tafi da ƙanwarsa ko matarsa, akwai maganar haihuwa da ta aure da ba za a yi a gabansa ba, sai ya fita ya bar musu wayar.

Bayan gaisuwa sai ka ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Labarinta nake so ki ba ni don 'ya'yanmu su san ta. Zan naɗi muryarki a waya, in kin yarda." Kada ka naɗa a ɓoye. Ranar da aka gane, ƙofar gidan ta rufe, har da ta maƙwabta.

Idan ka ce "ba ni tarihinta", amsar da za ka samu ita ce, "Allah sarki, mutuniyar kirki, ga haƙuri ga zumunci," shi ke nan an gama. Tambaya ƙarama ce ke jawo dogon labari. Ranar da aka kawo ta gidan miji, a kan doki aka kawo ta ko a mota ko a ƙafa? Wa ya kama ta aka sa mata lalle? Me da me aka jera mata? A wane gida ta yi wankan jegon fari? Wannan ta ƙarshe tana nuna maka inda iyayenta suke zaune a lokacin, tunda haihuwar fari gida ake komawa. Miƙa mata hoton kwallar ko murjanin a waya ka yi shiru. Sau da yawa za ta ce, "Af, wannan ai na uwarta ne," ka ga an ƙara maka hawa ɗaya a salsala.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa wa mutum amsa a baki. In ka ce, "Ashe ba a Funtuwa aka haife ta ba?" tsohuwa za ta ce haka ne don kara. Ce, "A ina aka haife ta?" sannan, "Ke kin gani ne, ko wa ya gaya miki?" Idan ta yi shiru, kada ka cike wurin da wata tambaya, ƙirga goma a zuci. Idan ta faɗi abin da ya saɓa wa na wani, kada ka ce ai goggo ba haka ta ce ba. Rubuta duka biyun. Kuma a fara ganin kowa shi kaɗai, domin a taro babba ce ke magana, ƙanana su yi shiru ko da sun san ta yi kuskure. Taro yana da amfani daga baya, wajen waƙoƙi: waƙar niƙa, ta daɓe, ta reno, ta gaɗa. Ɗaya ta ɗauko baiti, wata ta ƙarasa. A naɗe su da muryar waƙa, rubutu kaɗai ba ya riƙe kari.

Wajen naɗi, sa wayar a yanayin jirgin sama don kira yana katse shi. Ɗora ta a kan matashi ko naɗaɗɗen zane, kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana. Kashe fanka, ka nisanci janareto da injin markaɗe da turmi. Kunnenka yana tace su, waya ba ta tacewa. Yi gwajin minti ɗaya ka saurara. Da bakinka ka fara faɗin kwanan wata, gari, sunan mai magana da dangantakarta da marigayiya. Yi amfani da manhajar naɗar murya ta wayar. Awa ɗaya ba ta cika wuce megabayit 60 ba. A daren ranar ka sauya wa fayil ɗin suna, ka ajiye shi wuri uku: waya, kwamfuta ko filas, da Google Drive ko imel. Hotuna idan za a tura ta WhatsApp a tura su a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage musu kyau. Kwafe hirar awa ɗaya a rubuce tana cin awa huɗu zuwa shida, don haka kada ka bari su taru.

Sunanta na yanka

Jikoki da yawa ba su san sunan kakarsu ba sai ranar da aka yi sanarwar rasuwa. Hajiya, Inna, Iya, Goggo, Baba, duk sunayen girmamawa ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba takwarorinta: jikar da ake kira Ummi ko Mama ko Hajiya ƙarama, sau da yawa sunanta na yanka shi ne na kakar. Ka kuma san laƙabin da ke bin sunaye: Indo A'isha ce, Kulu Hauwa, Dije Hadiza, Abu Zainabu, Binta Fatima, Mairo Maryamu. In ba ka san wannan ba, sai ka rubuta mace ɗaya a matsayin mata biyu.

Laƙabi kuma shaida ne. Ladi, Tani, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai da Asabe suna ba ka ranar haihuwa. Azumi da Tasalla suna ba ka wata, Marka tana ba ka tsakiyar damina. Kande ta biyo maza, Gambo ta biyo tagwaye, Talle ta tashi cikin maraici, Ajuji kuwa an yi ta rasa 'ya'ya kafin ita. Ka lura da alkunya: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba. Kada ka matsa mata, tambayi wani daga baya.

Tsayar da shekaru

Nan ne aikin ya fi wuya, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Ranar haihuwar da ke katin shaida ko fasfo, musamman in ka ga 1 ga Janairu, ƙiyasin ma'aikaci ne. Maganar "ta shekara ɗari da goma" kuma ƙauna ce ke sa a faɗe ta. Gwada ta da autarta: mace ba ta cika haihuwa bayan shekara 45 zuwa 50 ba, don haka in an haifi auta a 1975, da wuya haihuwar uwar ta gabaci 1925.

Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi, sai ka riƙe shekarun abubuwan a kanka. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, wadda kakarka za ta ji a bakin iyayenta. 'Yar Gusau, ita ma yunwa ce, 1942. Zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna 1956. Samun mulkin kai 1960, a Najeriya da Nijar duka. Kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa Janairun 1966, cikin azumi. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Komawa tuƙi ta hannun dama 1972. Fitowar naira Janairun 1973, shekarar babban fari. Juyin mulkin Seyni Kountché a Nijar Afrilun 1974. Kisan Murtala Fabrairun 1976. Rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980. Canjin kuɗi na zamanin Buhari Afrilun 1984, shekarar da aka sake yin fari. Sunayen yunwa suna sauyawa daga gari zuwa gari, don haka ka tambayi wane sarki ke kan gado lokacin.

Sarautu ma ma'auni ne. Sarkin Katsina Dikko ya rasu 1944, Usman Nagogo 1981. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu 1953, an naɗa Ado Bayero 1963. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya rasu 1959. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988, wanda ya yi tsawon da "zamanin Abubakar" kaɗai ba ya tsayar da komai. Hakimi da dagacin garinku sun fi amfani, tunda su matan ƙauye suka sani, kuma a fadarsu akwai masu riƙe da shekarun naɗi.

Tambayar da za ka yi ita ce, "Lokacin da aka kashe Sardauna, wa take goyo?" A ce an amsa maka da cewa ɗanta na fari ne a bayanta. Goyo bai cika wuce shekara biyu ba, ke nan an haife shi tsakanin 1964 da 1965. 'Yan matan lokacin galibi ana aurar da su daga shekara 13 zuwa 15, haihuwar fari ta zo bayan shekara biyu zuwa huɗu. Haihuwarta ta faɗa tsakanin 1945 da 1950. A ce kuma sunanta Azumi, an kuma ce ana tsakiyar ruwa aka haife ta. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 11, sai azumi ya zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33. Ya faɗo a Agusta a 2011, da 1978, da 1945. Ka ga ya kama Yuli da Agusta daga 1945 zuwa 1948. Sai ka rubuta "wajen 1945 zuwa 1948", ka bayyana yadda ka kai ga haka. Kada ka zaɓi shekara ɗaya don ta fi kyan gani a takarda. Jikanka zai ɗauke ta tabbas.

Sauran 'ya'ya kana iya jera su da tazarar shekara biyu zuwa uku saboda shayarwa, amma sai ka ƙirga da waɗanda suka rasu suna ƙanana da ɓarin da aka yi. In an ce maka 'ya'yanta shida, tambayi haihuwarta nawa. Amsar takan zama tara ko goma, kuma giɓin da ka gani tsakanin kawu da goggo nan bayaninsa yake. Idan ka sami shekarar Hijira a rubuce, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba: 1400 ta ba da 1980, kuma ta kama ne a ƙarshen 1979.

Shekarun nan suna kuma tace labari. In an ce ta jefa wa Sardauna ƙuri'a, akwai ruɗani, domin matan Arewa ba su yi zaɓen 1959 ba, babban zaɓen farko da suka shiga shi ne na 1979. Wataƙila waƙar jam'iyya ta yi, ko wani zaɓen ake nufi. Koma ka sake tambaya.

Kuɗi ma suna ruɗarwa. Kafin 1973 fam ɗaya sule 20 ne, sule kwabo 12, sisi kwabo 6, taro kwabo 3, anini kuma goma ke yin kwabo. Da aka canza, fam ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, kuma tsofaffi sun ci gaba da cewa fam da sule shekaru da yawa bayan haka. Jin "fam biyar" a sadaki bai isa ya nuna kafin 1973 aka yi auren ba. Jaka a Najeriya fam 100 ce, wato naira 200, a Nijar kuwa sefa 1000. Rubuta yadda aka faɗa, ka sa bayani a gefe.

Zanen salsala

Gidan Bahaushe ba ya shiga zanen bishiya mai miji ɗaya da mata ɗaya. Ɗauki babban kwali da fensir, ka zana ɗaki-ɗaki: namiji a sama, matansa a jere bisa shigowarsu har da waɗanda suka fita, 'ya'yan kowace a ƙarƙashinta. Idan kaka ta yi aure fiye da ɗaya, kowane aure ya sami shafinsa. Ba kowa lamba, saboda Muhammadu da Fatima za su maimaitu sau goma, auren zumunci kuma zai sa mutum ɗaya ya fito ta wajen uwa da ta wajen uba. Kalmar "yaya" ko "ƙane" kada ka karɓe ta haka nan. Tambayi uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko 'yan uba, ko 'ya'yan wa da ƙane, ko riƙo, ko agolanci. Riƙo ka ja shi da ɗigo-ɗigo.

Ka ware shafi guda don shayarwa: wa kaka ta shayar ban da 'ya'yanta, wa ya sha nono tare da wa. Wannan ya shafi halaccin aure tsakanin zuriya, kuma yawanci tsofaffin mata kaɗai ke riƙe da shi.

Idan an ce wani reshe ya tafi gabas bai dawo ba, rubuta sunan wanda ya tafi da garin da aka ji labarinsa na ƙarshe. Masu tafiya hajji a ƙasa ta Chadi da yawa sun zauna a Sudan, fataken goro kuma sun kafa iyali a Salaga da zangon Kumasi, kuma zuriyarsu sukan riƙe sunan garin asali. Gidajen adana tarihi irin su Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, da wuya su ba ka sunan kakarka, amma rahotannin gundumomi na zamanin Turawa za su ba ka labarin garinta: kasuwa, sana'o'i, haraji, shekarun fari.

Abin da aka rufe

Za ka ci karo da abin da ba ka nema ba: auren dole da yaji, saki, bori, rikicin gado, ko asalin bauta, wadda ba a haramta ta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936, don haka ba ta yi nisa da kakar kakarka ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, kuma rayayyu ma suna da haƙƙi. Abin da muke ba da shawara shi ne littafi biyu. Na farko cikakke, yana wurinka a rufe, da kowace magana da mai ita. Na biyu shi ne na rabawa. A cikinsa kada ka ƙaga ƙarya don rufe wani abu, ka dai tsallake abin da zai tozarta mai rai ko ya raba zumunci. Wahalar da ta sha kuwa, kamar rasa 'ya'ya ko ciyar da gida da kaɗi a shekarar yunwa, kada ka goge ta don a ce an yi yabo. Ita ce ke sa a gane haƙurin da kowa ke ambata. Wanda ya ce maka "wannan tsakaninmu ne", ya zama tsakaninku.

Rubutawa da rabawa

Bi rayuwarta a jere: gidan da ta tashi, aure, 'ya'ya, sana'a, hajji in ta je, tsufa, rasuwa. Shafi 20 zuwa 40 ya wadatar. Inda aka sami ruwaya biyu, kawo su duka da sunan masu su. Maganarta ka bar ta da harshenta. In Basakkwata ce ko Bakatsina ko mutuniyar Damagaram, kada ka mayar da ita Bakanuwa. Girkinta kuma ba a rubuta shi daga baki, don "ɗan kaɗan" ba ma'auni ba ne. Sa 'yarta ta dafa dambun ko ta yi alkakin a gabanka, duk abin da ta ɗebo da hannu ka auna shi da gwangwani ko cokali kafin ya shiga tukunya, ka duba agogo.

Kafin bugawa, karanta wa manya biyu ko uku daga ɗakuna dabam-dabam, da baki, su gyara. Sa allon rubutun Hausa a wayarka ko kwamfuta don ɓ da ɗ da ƙ su fito, ka kai wa mai bugawa a PDF, in ba haka ba haruffan nan sukan koma akwatuna a injinsa. Buga kwafi ɗaya don kowane ɗaki, da biyu na ajiya a garuruwa dabam. Waɗanda ba sa karatun boko, kuma su ne suka ba ka yawancin labarin, ka karanta littafin da muryarka ka sa musu a memori ko ka tura a zauren dangi na WhatsApp, kashi-kashi na minti goma. Hotunan mata kada su hau Facebook sai da izininsu, cikakkun sunayen iyaye mata da ranakun haihuwar masu rai kuma a bar su a takarda, tunda da irinsu ake tantance mutum a banki. A ƙarshen kowane kwafi ka bar shafi huɗu farare, ka rubuta lambar wayarka a sama, domin da zarar an fara karantawa za a kira ka da gyara da sunayen da aka manta.